Wai Chris Hughton ƙin Ghana ya yi ya bugawa Ailan, ko yaya abin yake?

Sadik_Aboabo

Salamu alaikum jama'ar gida, manya da ƙanana. Dan Allah wanda ya san tarihin bol na da ya taimaka mana. Musu ne ya tashi a bes ɗinmu wajen shan ataya akan Chris Hughton, kocin Ghana ɗin nan da aka kora bayan AFCON, gasar kofin Afirka, na Abidjan. Wani abokinmu ya dage wai mutumin babansa ɗan Ghana ne amma lokacin da yake da ƙafa ya ƙi mu ya je ya bugawa Ailan, sai da ya tsufa turawa suka gama da shi sannan ya tuna yana da dangi a nan ya zo ya kwashi dala ya tafi. Ni abin da ban gane ba ma, an ce a Landan aka haife shi, to me ya haɗa shi da Ailan tun farko, me yasa ba Ingila ba? Sannan da gaske ya taɓa buga bol na kirki ko irin masu ɗumama benci ne da suke rikiɗa su zama koci daga baya? Mu dai da furfura muka san shi, a tsaye bakin layi ba ya ihu ba ya fushi ko an ci mu. Iyayenmu da suka ga zamanin su yi mana bayani.

Alhaji_Spurs81

Wa alaikumus salam. Sadiku ɗana, ka gaya wa abokin nan naka ya ji tsoron Allah ya bar yi wa mutum shaidar abin da bai gani ba. Ni Tottenham nake bi tun kafin a haifi iyayen wasunku, kuma yaron nan Hughton (a wurina yaro ne, na girme shi) yana cikin waɗanda suka sa na tsaya a kulob ɗin.

A Forest Gate aka haife shi, gabashin Landan, watan Disamba 1958. Baba ɗan Ghana, uwa 'yar Ailan daga yankin Limerick, to ka ga inda Ailan ta shigo, ta wajen uwa ne, dokarsu ɗan da 'yar ƙasa ta haifa ɗan ƙasa ne ko a ina aka yanke masa cibi. Ya shiga yaran Tottenham yana shekara 13, amma bai jingina rayuwarsa ga bol ba, sai da ya koyi sana'a, gyaran lif na dogayen benaye, da rana yana aiki da yamma ya je tirenin, sai 1979 ya sa hannu ya zama cikakken ɗan wasa yana shekara 20. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka irin mutumin, ba mai garaje bane, komai sai ya auna.

Lamba 3 yake bugawa, bayan hagu. Kocinsu Keith Burkinshaw, kyaftin Steve Perryman, tsakiya Glenn Hoddle da Ossie Ardiles da Ricky Villa 'yan Ajantina biyu, gaba Steve Archibald da Garth Crooks. 1981 suka je fainal na kofin FA da Man City, wasan farko 1-1, aka sake ranar Alhamis suka ci 3-2, ranar ne Villa ya kwashi bol ya yi ta yanka 'yan bayan City ɗaya bayan ɗaya har ya zura. Mu a Asawase cikin Kumasi a rediyo muke bin bol ɗin Ingila lokacin, BBC a gajeren zango, mutum goma sha a kan rediyo ɗaya, mai rediyon yana riƙe da eriya yana juya ta saboda murya tana tafiya tana dawowa, in batir ya yi sanyi a cire a shanya a rana a mayar. Wanda ya fi jin turanci shi ke zama kusa yana fassara wa sauran, wani lokaci har ya ƙara nasa gishirin. Sunan Hughton ba ya yawan fitowa a bakin mai sharhi, kuma ɗan baya in ba a yawan kiran sunansa to aikinsa yana kyau ne.

1982 suka sake ɗaukar kofin FA a hannun QPR, shi ma sai da aka sake wasa, Hoddle ya ci fenariti 1-0. 1984 kofin UEFA da Anderlecht ta Beljiyam, gida da waje duk 1-1, aka je fenariti, gola Tony Parks ya kama na ƙarshe. Duk kofunan nan uku da Hughton a fili aka ɗauke su, ba a benci ba. Wasa kusan 400 ya yi wa Tottenham kafin ya bar su a 1990. Yanzu ka ce min ɗan benci ne?

Maganar Ailan kuma, 1979 ɗin nan dai suka kira shi, Johnny Giles ne kocinsu, kuma shi ne baƙar fata na farko da ya sa musu rigar babbar tawaga, tun kafin Paul McGrath wanda shi babansa ɗan Najeriya ne. Wasa 53 ya buga musu har zuwa 1991, ci ɗaya, a ragar Cyprus. Me yasa ba Ingila ba? A ganina ko ya jira da wuya ya samu, Kenny Sansom ya riƙe lamba 3 ta Ingila kusan shekara goma, wasa 86, ba wanda ya ɗaga shi. Kuma ku tuna sai ƙarshen 1978 Ingila ta fara sa baƙar fata a babbar tawagarta, Viv Anderson, zamani ne da ake jifan baƙin ɗan wasa da ayaba a filayen Ingila ana masa kukan biri. A cikin wannan yaron ya yi wasansa shekara da shekaru.

Babban abin da Ailan ba za su manta da shi ba Euro 88 ne a Jamus ta Yamma, karo na farko da suka je babbar gasa a tarihinsu, ƙasa takwas ne kacal a gasar lokacin. Jack Charlton ne koci, shi kansa Ba'ingile wanda ya ci kofin duniya 1966. Wasan farko a Stuttgart da Ingila, ga Lineker ga Barnes ga Beardsley ga Bryan Robson, minti 6 Ailan ta ci da ka, suka kulle gida gola Packie Bonner ya yi ta ture har aka tashi 1-0. Wanda ya ci Ray Houghton ne, wani mutum daban ɗan tsakiyar Liverpool, mutane suna yawan haɗa su. Namu yana baya tare da Mick McCarthy da Kevin Moran da Chris Morris. Suka yi 1-1 da Tarayyar Sobiyat, sannan Holan ta su Gullit da Van Basten ta ci su 1-0 saura minti takwas a tashi, da sun riƙe canjaras su za su wuce. Holan ɗin nan ita ta ɗauki kofin. Wasa ukun duk ya buga. Kofin duniya 1990 a Italiya yana cikin tawaga amma Steve Staunton ya karɓe lambar, bai taka fili ba har Italiya ta fitar da su a kwata fainal.

Ƙarshen wasansa West Ham ya koma 1990 lokacin da Julian Dicks ya ji ciwo, suka hau babban rukuni 1991, daga nan Brentford, gwiwa ta tsayar da shi 1993. Na gaji da danna waya, idona ba kamar da ba, sauran a bar wa yara.

NimaBoy_Kudus20

Alhaji Allah ya ƙara girma, ba mu musa ba ya buga bol, amma ai mu ba lamba 3 muka ɗauka aiki ba, koci muka ɗauka. Kofin FA na 1981 me ya tsinana mana a Abidjan?

Chale ni har yau in na tuna daren Mozambik cikina juyawa yake. Muna Nima, unguwarmu a Accra, a gaban majigi, layi ya cika har kan gota, Jordan ya ci fenariti biyu, 2-0, minti 90 ya cika yara sun fara buga gwangwani masu babur sun fara hon, kawai sai hannu a cikin akwati, Andre Ayew da aka sako daga benci, fenariti 2-1. To shikenan a riƙe mana, minti nawa ya rage? Sai bol tana fita waje da kanta za ta zama bugun gida, golanmu Richard Ofori ya kai hannu ya taɓa ta, kwana, Reinildo ya sa kai 2-2. Wani dattijo kusa da ni ya tashi ya naɗe tabarmarsa bai ce wa kowa uffan ba ya shige gida. Kafin wannan Cape Verde ta ci mu 2-1 a ƙarin lokaci, Masar ma sau biyu Kudus yana sa mu gaba sau biyu muna miƙa musu kyauta, alhali Salah ya fita da ciwo tun kafin hutun rabin lokaci. Wasa uku maki biyu. Ranar 23 ga Janairu 2024 aka sallame shi kuma wallahi an ma yi jinkiri, tun Oktoba da Amurka ta yi mana 4-0 Mekziko ta yi mana 2-0 ya kamata a gane, sannan Nuwamba Comoros ta sake cin mu 1-0, Comoros fa, tsibirin da mutanensa basu kai na Kumasi ba.

Mutumin tsoro ya yi masa yawa. Kana da Kudus da Semenyo da Inaki da Nuamah amma bol sai baya sai gefe, in aka ci ɗaya kowa ya koma gida a tsare. Kuma ba a nan ya fara ba, Nottingham Forest ya bar su a ƙasan tebur da maki 1 a wasa 7 a Satumba 2021, Steve Cooper ya zo da yaran nan dai ya kai su Firimiya a wannan kakar. Alhaji wannan ma ƙarya ne?

Koci_Yalwa

Ƙanina na Nima ka kwantar da hankali, abin da ka faɗa na Forest gaskiya ne, amma ka ɗauko shafin ƙarshe ka bar littafin. Ni yara nake koya wa bol, 'yan ƙasa da 15, a filin ƙasa muke yi ba ciyawa, don haka bari in yi magana ta wajen aiki.

Abu na farko da ko Alhaji bai faɗa ba, Hughton da ƙafar dama yake wasa amma a hagu ya yi rayuwarsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin ya san wahalar. In bol ta zo maka daga ɗan bayan tsakiya, mai ƙafar hagu buɗe jiki kawai zai yi ya tura ta kan layi, kai mai dama sai ka ƙara taɓawa ɗaya ko ka juya ciki, kuma cikin nan ne cunkoso yake, in aka ƙwace a nan gola kawai ya rage. In winga ya bi ta waje da gudu, ƙafar da za ka sa masa ita ce mara ƙarfin. Saboda haka dole kafin bol ta iso ka riga ka san inda za ka kai ta, dole ka san inda winga yake ba tare da ka juya ba. Ina da wani yaro yanzu haka nake fama da shi, da na sa shi hagu sai ya riƙa karɓa da bayansa ga layi, kullum sai na tsayar da wasa na kama kafaɗarsa na juya shi in ce kalli can tukuna sannan ka karɓa. Mutumin da ya yi wannan shekara goma sha a rukunin farko na Ingila, gaban wingogin wancan zamani da alƙalan da basa busa ƙananan duka, kansa ne ya yi masa wasan. Kuma wannan kan ne ya tafi da shi aikin koci, lissafin kada a ci mu kafin lissafin mu ci.

Da ya ajiye takalmi 1993 Tottenham ya koma, ya fara da yara da 'yan rizab, ya hau har mataimakin koci, shekara 14 manyan koci suna zuwa ana korarsu shi yana nan, sai Oktoba 2007 aka sallame shi tare da Martin Jol. A tsakiyar nan ya yi wa Brian Kerr mataimaki a tawagar Ailan daga 2003 zuwa 2005. Wato sai da ya haura shekara 50 kafin wani ya ba shi kulob ya ce naka ne. Newcastle kenan, 2009, sun faɗa Championship, rukuni na biyu, gida ya rikice mai kulob Mike Ashley yana neman mai saye, manyan 'yan wasa suna guduwa. Ya tattara waɗanda suka rage, su Kevin Nolan da Andy Carroll da Coloccini da Jonas Gutierrez, suka ɗauki kofin da maki 102, ba a ci su a gida ba ko sau ɗaya. Da suka dawo Firimiya suka yi wa Aston Villa 6-0, suka yi wa Sunderland 5-1 lokacin Asamoah Gyan ɗinmu yana can, suka je gidan Arsenal suka ci 1-0. Disamba 2010 kulob yana na 11 aka kore shi aka kawo Alan Pardew, har magoya bayan wasu kulob sai da suka ce an yi zalunci.

Birmingham shekara ɗaya ya kai su na 4 a Championship. Norwich na 11 a kakar farko, ta biyu abin ya lalace aka kore shi Afrilu 2014. Brighton ya same su ranar ƙarshe ta 2014 suna gab da faɗawa rukuni na uku, 2017 ya hau da su Firimiya, rabonsu da babban rukuni tun 1983. Ya riƙe su kaka biyu basu faɗi ba, ya kai su kusa da ƙarshe a kofin FA 2019 Man City ta ci su 1-0. Brighton da kuke gani yau tana sayar da yara da miliyoyin fam, a kan ginin da ya yi aka ɗora.

Amma ka lura da irin aikin. Duk inda ya yi nasara, yana da yaran nan kullum safe da yamma wata goma, ya jera su layi biyu na mutum huɗu huɗu ya yi ta maimaitawa har kowa ya san takun ɗan'uwansa, Dunk da Duffy su share sama, Glenn Murray ya ci ɗaya a tashi. Tawagar ƙasa kwana nawa kake samu? Yara su sauka Litinin da Talata daga ƙasa goma, Alhamis wasa. Ba lokacin gina irin wannan katangar, sai ya zamana gaba ba ta ci baya kuma bata kullu ba, an yi biyu babu. Kuma mu a nan ko ka ci 1-0 in ba a yi wasa mai daɗi ba zagi za ka sha a rediyo washegari. Ni ina filin Baba Yara na Kumasi ranar wasansa na farko da Angola, Maris 2023, Semenyo ya ci a daƙiƙar ƙarshe, muna fita ta ƙofa mutane suna murna amma rabin hirar ita ce wannan wane irin bol ne. Tun ranar na san auren ba zai daɗe ba. Ni a wurina kuskuren na waɗanda suka ɗauke shi ne, sun san irin kayan da yake sayarwa, shekara guda yana zaune da su a matsayin mai ba da shawara tun Fabrairu 2022 lokacin Otto Addo yana koci, har aka fitar da Najeriya aka je Qatar.

Ummu_Ilham

Salamu alaikum. Ni ba gwanar bol bace sosai, maigida da yara ne suka sa nake kallo dole, amma maganar ya ƙi mu ɗin nan ita ta tsaya min. Yayana yana Jamus shekaru da yawa, 'ya'yansa can aka haife su, Hausarsu sai a hankali, in sun zo hutu sati biyu suna kuka da zafi da sauro. Gobe in ɗaya ya zama ɗan bol Jamus ta kira shi sai mu ce ya ci amana? Wa ya kai shi makaranta, wa ya saya masa takalmin farko? Yaron da aka haifa a Landan 1958, ba waya ba intanet, wasiƙa sai ta yi makonni, dangin uwa kuma suna nan kusa tsallaken ruwa kaɗan, ai ba sai an tambaya ba.

Kuma Kawu Alhaji zai gyara min in ba haka bane, a 1979 tawagarmu Black Stars ba ta cikin neman kowa, mu ne zakarun Afirka, 1978 aka ɗauki kofi a Accra aka ci Uganda 2-0, da yaran gida, su Abdul Razak na Kotoko da Mohammed Polo na Hearts, babana har ya rasu hirarsu yake. 1982 aka sake ɗauka a Libiya. Wa zai tafi Landan neman lamba 3 a lokacin? Wannan bin 'ya'yan waje gida gida ana roƙonsu sabon abu ne, daga su Kevin-Prince Boateng a 2010 zuwa Inaki da Tariq Lamptey a 2022. Kuma mu ɗin nan da muke zagin Hughton mu ne muka yi ta tafi da Inaki ya bar Sifen ya zo, ƙaninsa Nico ya tsaya can ya ci musu Euro 2024, uwa ɗaya uba ɗaya. Su mutanen Ailan ma an yi musu, Declan Rice wasa uku ya buga musu a 2018 sannan ya koma Ingila, har yau basu huce ba in ji yarana.

Sadik_Aboabo

Kai masha Allah, na gode Baba Alhaji, na gode Koci, na gode Anti. Na tura wa mutumin duka a WhatsApp ya karanta ya yi shiru, sai can ya ce to ai shi Hughton ne ya kawo Lamptey tunda yaronsa ne a Brighton, wai son kai. Haka ne? Sannan banda shi akwai wasu 'yan Ghana da suka bugawa Ailan?

Alhaji_Spurs81

Abokin nan naka da alama baya gajiya. Hughton ya bar Brighton Mayu 2019, Lamptey ya zo daga Chelsea Janairu 2020 lokacin Graham Potter, basu taɓa aiki tare a can ba. Kuma AFCON ɗin da ake magana Lamptey bai je ba ma, yana jinya, Partey ma haka, Kudus kansa bai buga wasan Cape Verde ba saboda ciwo.

Ɗiyata Ummu Ilham kin faɗi daidai, ki ƙara da cewa a wancan zamani in ka buga wa ƙasa wasan gasa sau ɗaya ƙofa ta rufe har abada, wannan sauƙin canza ƙasa da kuke gani FIFA daga baya ta kawo shi. Razak kuwa a 1978 shi aka ba gwarzon Afirka, da idona na gan shi a filin Kumasi, ba labari ba.

Masu jinin Ghana a Ailan akwai. Ƙaninsa Henry Hughton ya buga musu 'yan ƙasa da 21, ya yi Orient da Crystal Palace. Akwai Kwame Ampadu wanda ya taso a Dublin ya fara a Arsenal ya yi West Brom da Swansea, shi ma 'yan ƙasa da 21, ɗansa Ethan Ampadu kuma Wales yake bugawa, ka ga gida ɗaya ƙasa uku. A yaran yanzu akwai James Abankwah da Udinese ta saya. Masu jinin Najeriya sun fi yawa, Ogbene da aka haifa a Legas ya taso a Cork, da Idah da Bazunu da Omobamidele. Duk wannan layin in ka bi shi baya a kan Hughton zai tsaya.

Kai kuma ɗana na Nima, ban ce ya yi daidai a Abidjan ba, sako Andre a wasan Mozambik ni ma ban so ba, kuma koci shi ke ɗaukar laifi, haka aikin yake. Amma in tambaye ka, kafin ya zo fa? AFCON na Kamaru Janairu 2022 Milovan Rajevac ne koci, Comoros ta ci mu 3-2 muka fito da maki ɗaya. Bayan ya tafi fa? Angola ta zo har Baba Yara ta ci mu 1-0 Satumba 2024, AFCON 2025 ko zuwa bamu yi ba, abin da rabon a gani tun 2004. Shi ne ya taɓa bol ɗin da Ofori ya taɓa? Shi ya mayar da bol baya aka ba Marmoush na Masar? An canza direba sau uku mota tana mutuwa a kan tudu ɗaya, ba wanda ya buɗe bonet.

NimaBoy_Kudus20

Alhaji na ji, a kan bol ɗinsa na ɗan wasa na sallama, wasa 53 da kofi uku ba wasa bane. Amma koci ni dai ban canza ba, wanda ya sa Ofori a raga shi ya taɓa bol ɗin, gola da baya samun wasa a kulob ɗinsa ka ɗauko ka ba shi AFCON alhali Ati-Zigi yana kamawa duk sati a Suwizalan. Koci Yalwa ma ai ya faɗa da bakinsa kayansa ba irin namu bane. Otto Addo ma da ya dawo bayansa, ko ba komai ya kai mu kofin duniya na 2026, kuma Comoros ɗin nan dai aka ci 1-0 a Accra, wa ya ci? Kudus yaron Nima.

Abin da ya fi min ciwo yanzu ma Alhaji, Kudus ya bar West Ham ya koma Tottenham ɗinku, dole na sayi farar riga sidi ɗari da wani abu a Kantamanto ina zaune cikin 'yan Spurs ina shan wahalar da kuka saba sha. In kun shigo Accra ku neme mu a Nima mu kalli wasa tare, waakye a kaina, amma maganar Ofori ba mu gama ba.